Yadda zaka ɗebo gansakukar kududdufi ka ga dangin tsirrai da idonka a nan Zariya

Duk wanda ya zauna ajin bayoloji a sakandare ya taɓa zana Spirogyra, wannan dogon akwatin mai koren ƙyalle nannaɗe a ciki, an haddace sassanta an zuba a WAEC ko NECO an wuce, amma da wuya ka samu wanda ya taɓa ganinta a raye cikin masu zanen nan, alhali tana nan jibge a kududdufan cikin birni da gefen Kubanni da fadamun Galma, ita ce dai gansakukar nan mai santsi da yara ke tsokalowa da kara. Abin da ba a cika faɗa a aji ba shine ita da danginta su ne 'yan uwa mafi kusa da tsirran tudu suke da su a raye yau, tun daga gero da dawa har kuka da rimi. Kuma ba sai kana da kuɗi ko babban lab ba kafin ka gani, robar ruwa da madubin makaranta sun isa, in dai ka san inda zaka je da abin da zaka duba.

Ka fara sanin wa kake nema

Ba kowane koren abu ne a ruwa ya shigo maganarmu ba. Korayen gansakuka sun rabu gida biyu tun fiye da shekara miliyan 700 da suka wuce a lissafin masana. Gida ɗaya shine Chlorophyta, can ne su Chlamydomonas da Volvox da Cladophora suke da galibin na teku, ɗayan kuma Streptophyta, shi ne namu, cikinsa akwai gansakukar ruwan daɗi da ake kira charophytes sannan akwai tsirran tudu gaba ɗayansu. Cikin charophytes ɗin waɗanda kake da damar cin karo da su huɗu ne: dangin Spirogyra da ake kira Zygnematophyceae, su ne suka fi yawa don sun kai jinsi wajen 4,000, sai su Chara da Nitella masu kama da ƙaramin tsiro, sai Coleochaete mai mannewa jikin ganye, sai Klebsormidium na jikin bango mai danshi. Akwai wasu kamar Mesostigma da Chlorokybus amma kar ka wahalar da kanka a kansu yanzu.

Lokaci da wuri

Kar ka fita cikin Agusta lokacin da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, rafi ya cika yayi ja da laka, ya kwashe komai ya tafi, zaka dawo da robar ruwan ƙasa kawai. Lokacin da yafi shine daga ƙarshen damina, wato Oktoba, har cikin hunturu, sa'ad da ruwa ya kwanta ya fara janyewa rana na ratsa shi har ƙasa. Kuma ka fita da hantsi ko bayan azahar, don da rana ne gansakukar ke fitar da iskar oksijin, kumfar ta maƙale cikin zaren ta ɗago shi sama, shi yasa kake ganin tabarmar kore tana yawo a saman ruwa da ƙananan kumfa a jikinta.

Wurare kuwa, gefen dam ɗin Kubanni a Samaru inda ruwan bai da zurfi, tafkin Makwaye, ramukan da masu noman rani ke tara ruwa a bakin Galma, da kududdufan da ba a zuba musu kwata sosai. In wurin na hukuma ne ko gonar wani ce ka yi sallama ka nemi izini, ba wani abu bane. Wanda ni nafi so mutane su gwada shine ƙananan ramukan da ruwan sama ke kwanciya a kan duwatsu irin na Kufena, saboda ruwan sama ne zalla a kan dutse, ba gishiri ba taki, irin ruwan da desmids, wato 'yan dangin Spirogyra masu sel ɗaya, ke so kenan, zan zo kansu. Su waɗannan ramukan kam da wuri suke ƙafewa, sai ka riga su tun ƙarshen damina.

Kududdufin da ruwansa yayi kore shar kamar an zuba fenti, yana wari, ba zare ko ɗaya in ka sa kara, wuce shi. Wannan yawanci bakteriya ce da ake kira cyanobacteria irin su Microcystis, ba ta cikin dangin da muke nema kuma wasunsu na fitar da guba mai taɓa hanta, ko dabba bai kamata ta sha ba.

Kaya, da maganar lafiyarka

Robobin ruwa masu faɗin baki da ka wanke ba da sabulu ba, guda uku ko huɗu, kar ka haɗa wurare biyu a roba ɗaya. Doguwar sanda da ka lanƙwasa waya a kanta, farin faranti, biro da salatif na rubuta suna, safar hannu ta roba. In kana da takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, daga lab ka ɗauko, in babu ba komai.

Safar hannun nan ba kwalliya bace. Ruwan da ke kwance mai ciyawa shine gidan ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya, tsutsar kuma ta fata take shiga, ba sai ka sha ba, don haka ba shiga ruwa da ƙafa ba takalmin roba, ka tsaya a gaɓa ka miƙa sanda. Dan Allah in da ƙananan yara zaka je kar a barsu su faɗa ciki.

Ɗiba da gwajin hannu

Sa sanda ka ɗago kaɗan. Tun a nan bakin ruwa zaka iya yin rabin aikin ganewa. Murza zaren tsakanin yatsu, ko ta cikin siririyar safa zaka ji, in yana da santsi yana zullewa, launinsa kore mai haske, kuma da ka ɗaga shi ya tattaru ya zama siririn wutsiya mai tsini, to kusan tabbas dangin Spirogyra ne, santsin nan wani majina-majina ne da ke lulluɓe da bangon sel ɗin, yana hana wasu ƙananan halittu mannewa kuma yana rage saurin bushewa. In kuwa yana da kaushi ba ya zullewa, Cladophora ne ko makamancinsa, ɗan gidan Chlorophyta ne, amma ka ɗauki kaɗan a wata roba daban don kwatantawa, zai maka amfani.

Babban kuskuren da ake yi shine cika roba. Mutum ya ga abu a banza sai ya danna har wuya ya rufe gam ya sa a but ɗin mashin cikin rana, kafin ya isa Samaru ta dahu, washegari sai wari. Abin da ya kai ƙwayar gyaɗa biyu ya isa roba ɗaya, ruwan wurin ya kai rabi, sauran iska. Da ka isa gida ka buɗe murfin, ka juye a faranti ko kofin gilashi, ka ajiye kusa da taga inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukan sa kai tsaye. Kar ka ƙara ruwan famfo don yana iya zama da kulorin, in ruwan ya ragu ka sa na sama ko wanda ka ɗebo daga wurin. Ka rubuta wuri da kwanan wata da yanayin ruwan a jikin kowace roba tun kana can, kar kace zaka tuna.

Akwai ɗiba ta biyu da mutane basu sani ba kuma ita ce tafi daɗi a ƙarƙashin madubi. Tsinko ciyawar da ke nutse cikin ruwa ko saiwar kainuwa, ka matse ta da hannu cikin kofi, ruwan da ya fito mai duhu-duhu ka barshi ya kwanta kamar awa ɗaya, abin da ya taru a ƙasa shi zaka zuƙo da sirinji. Nan desmids suke ɓuya.

Haɗa silaid

Ɗigon ruwa ɗaya a kan gilashin silaid, zare biyu ko uku kawai, ba dunƙule ba, in kana ganin koren sosai da ido to yayi yawa, rage. Ware su da allura, ka jingina marfin gilashin a gefe ka sauke shi a hankali don kar kumfa ta shiga. Fara da ƙaramin ido na x4 ko x10 ka nemo zaren, sannan ka juya zuwa x40, wanda in ka haɗa da x10 na sama ya zama girma sau 400, ya isa komai da ke cikin wannan bayanin. Rage hasken ƙasa kaɗan, haske mai yawa na wanke abin ka kasa ganin bango. Wanda bai da damar shiga lab, akwai madubin takarda da ake kira Foldscope da aka ƙirƙira a jami'ar Stanford, yana kai girma sau 140, zai nuna maka murɗin Spirogyra sarai. Hoto kuma ka ɗora kyamarar waya a bakin idon madubin ka ja baya kaɗan-kaɗan har da'irar haske ta cika, sai haƙuri, hannu na rawa.

Ganewa

Abu na farko, zaren yana da rassa? Dangin Spirogyra basa reshe, sel ne a jere ɗaya bayan ɗaya. In ka ga rassa ka koma kan Cladophora. In ba reshe amma a ƙarshen wasu sel akwai zobba-zobba a jere to Oedogonium ne, shima ba namu bane.

Na biyu, dubi kuloroflas, wato koren da ke ciki. In ya murɗe yana zagaya sel ɗin Spirogyra ce, ƙirga ƙyallen nawa ne, wata ɗaya wata biyu wata sun fi haka har su cika wurin. In taurari biyu ne kore a kowane sel, Zygnema. In kuma faranti ɗaya ne shimfiɗe a tsakiya, Mougeotia ce, kuma ita tana da wani abu da ya kamata ka gwada: barta cikin haske mara ƙarfi zaka ga farantin ya buɗe fuskarsa gaba ɗaya yana karɓar haske, haska mata mai ƙarfi na wasu mintuna ka sake dubawa sai ka ga ya juya ya bada gefe ya zama siririn layi, yana kare kansa ne daga ƙonewa. Kuloroflas na ganyen tsirrai ma na yin irin wannan gudun hasken.

Ɗigo-ɗigon da ke jere a jikin ƙyallen su ne fairinoid, wurin da sitaci ke taruwa. Ka sa ɗigon aidin a gefen marfin gilashin, ka jawo shi ta ɗaya gefen da tishu, zaka ga ɗigon sun koma baƙi-baƙi shuɗi. Aidin na kashe sel ɗin don haka ka bar wannan sai ka gama kallon komai. Nukiliyos na tsakiya rataye da siraran zare, sai ka riƙa motsa fokas sama da ƙasa kafin ya fito, ba kamar na littafi da aka zana ɓaro-ɓaro ba.

Mutumin Holan ɗin nan Antonie van Leeuwenhoek ya bayyana wasu korayen zare masu murɗi da ya gani a ruwan wani tafki tun 1674, ana ɗaukarsu Spirogyra ce, kuma da gilashi ƙwaya ɗaya ya gani, don haka kar ka raina madubin makarantarku.

Desmids kuwa sel ɗaya ne tilo amma an tsara shi gida biyu masu kama da juna sak. Closterium siffar jinjirin wata ne, ka kai x40 ka dubi tsinin kowane gefe, akwai ɗan kumbo da wasu ƙananan ƙwayoyi ke ta rawa a ciki ba tsayawa, ƙwayoyin barium sulfate ne ruwa ke girgiza su. Cosmarium ƙwallo biyu ne da aka tsuke a ƙugu. Micrasterias faffaɗa ne mai tsage-tsage ta ko'ina, in ka same shi ka ɗauki hoto ka nuna wa mutane don ba kullum ba. Yawancin desmids ruwa mai tsafta mai ɗan tsami suke so, pH ƙasa da 7, shi yasa masana ke amfani da su wajen auna lafiyar ruwa, in ka samu iri-iri da yawa a wuri ɗaya alama ce taki da kwata basu ɓata shi ba. Ga mai neman taken firojek, kwatanta ruwan kan dutse da na kududdufin cikin gari ta wannan hanyar aiki ne mai ma'ana kuma baya cin kuɗi.

Haɗuwarsu, abin da yafi wahalar samu

Duk dangin Spirogyra babu mai wutsiyar iyo a kowane mataki na rayuwarsa, ba irin maniyyi mai ninƙaya, shine ya bambanta su da su Chara. Abin da suke yi shine konjugeshan, zare biyu su jeru gefe da gefe, kowane sel ya tura ɗan bututu ya haɗu da na ɗan uwansa har abin ya zama kamar tsani, sai duk abin da ke cikin sel na ɓangare ɗaya ya tattare ya rarrafa ta bututun ya koma ɗayan, su dunƙule su zama zaigosfo mai kaurin bango, daga baya yayi ruwan ƙasa-ƙasa. Shi ne ke kwanciya cikin busasshiyar laka duk tsawon rani da bazara, ruwa na dawowa ya tsiro. Amsar tambayar daga ina gansakuka ke fitowa a kududdufin da ya ƙafe ƙaf kenan.

Don ka same shi, nemi tabarmar da ta fara yin rawaya ko ƙasa-ƙasa a bakin ruwan da ke janyewa, wadda kowa zai ce ta mutu, ba mai kore shar ba. A gida kuma zaka iya gwadawa, sa zaren a faranti mara zurfi da ruwan sama, haske sosai, ka bar ruwan yana raguwa a hankali kana dubawa kullum. Ƙarancin abinci musamman naitirojin da yawan haske ke tunzura su. Wani lokaci yayi wani lokaci yaƙi. Kuma ka sani ba a iya faɗin takamaiman jinsin Spirogyra sai da zaigosfo, tana da ɗaruruwan jinsi, don haka in baka samu ba ka tsaya a Spirogyra sp. a rahotonka, kar ka kwafo suna daga intanet don hoton yayi kama.

Chara, wadda kamanninta suka ruɗi masana

A ruwa mai haske mara zurfi mai yashi ko laka a ƙasa, jefa sandarka mai waya ka jawo daga ƙasa. In ka ga wani abu kamar ƙaramin tsiro mai gaɓoɓi, kowace gaɓa rassa sun fito sun zagaye ta, yana da kaushi yana ƙaras-ƙaras a hannu kuma yana wari kamar tafarnuwa, Chara ce. Kaushin farar ƙasa ce ta taru a jikinta, ɗiga ruwan lemon tsami ka gani zata yi 'yar kumfa. Nitella tafi laushi da sheƙi, ita ce tafi kyau wajen kallon abu na gaba: sel ɗaya tsakanin gaɓa da gaɓa na iya kai santimita da yawa, sa shi a silaid ba tare da ka murƙushe ba, a x10 zaka ga ruwan cikinsa na gudana, ya haura ta gefe ɗaya ya sauko ta ɗayan. Wani Ba'italiye Bonaventura Corti ya fara bada labarin wannan gudun a 1774. A jikin rassan kuma nemi 'yan ƙwallo ruwan lemo, na namiji kenan, da wani mai siffar ƙwai da sel biyar suka murɗe suka naɗe shi, na mace. Wannan naɗin kan taurare ya zama dutse, an samu irinsa da ya haura shekara miliyan 400.

Duk wanda ya riƙe Chara a hannu ɗaya da Spirogyra a ɗaya zai rantse Chara ce 'yar uwar tsirrai, masana ma haka suka ɗauka shekara da shekaru, har wani binciken DNA na 2001 ya goyi bayan haka. Amma da aka fara gwada ɗaruruwan ƙwayoyin gado maimakon guda huɗu, daga 2011 zuwa 2014 sakamako ya juya, sannan babban aikin 2019 da ya duba jinsi 1,124 ya ƙara tabbatarwa cewa dangin Spirogyra ne suka fi kusa. Bayanin shine kakanninsu sun fi haka sarƙaƙiya, daga baya suka zubar da rassa da wutsiyar iyo, wataƙila don zama a ruwan da yau akwai gobe babu. A 2019 ɗin dai an karanta DNA na biyu daga cikinsu, Spirogloea muscicola da Mesotaenium endlicherianum, aka ga suna ɗauke da wasu ƙwayoyin gado na jure fari irin na tsirrai, wasu ma alamu sun nuna daga bakteriyar ƙasa aka samo su. Mafi tsufan alamar tsirran tudu da aka tono ƙananan ƙwayoyin iri ne na kimanin shekara miliyan 470. Kar dai a fahimce ni ba daidai ba, ba wai Spirogyra ce ta zama masara ba, kaka ɗaya suka haɗa, kowa ya kama hanyarsa.

Sauran biyun

Coleochaete sai da tarko. Ɗaure gilashin silaid biyu da zare ka rataya cikin ruwa kusa da bado na sati uku zuwa huɗu, ko ka kankaro ƙasan ganyen badon, ka nemi koren faifai ƙarami mai siraran gashi. Ita tana riƙe ƙwanta a jikinta bayan haɗuwa maimakon ta sake shi cikin ruwa, ɗabi'ar da tsirran tudu suka ɗauka suka faɗaɗa. Klebsormidium kuma ba sai kaje rafi ba, kankaro koren da ke gindin bango ko bayan randa, in ka ga gajerun zare da koren ya rufe kusan rabin kowane sel to mai yiwuwa shi ne.

Adanawa

Wanda zaka ajiye don rahoto, zuba a ƙaramar kwalba ka ɗiga aidin na Lugol har ruwan yayi kalar shayi mara kauri, ka rufe ka sa a duhu. Wasu lab na amfani da fomalin kashi 4 cikin 100, amma wannan guba ce, bar ma'aikacin lab ya haɗa maka, kar ka kawo ta ɗakin kwana. Duk biyun suna canza launi, don haka hoto da zane tun abin na raye, tare da girman idon da kayi amfani da shi. Chara kuma shimfiɗa ta zaka yi a kan farar takarda mai kauri ka danne tsakanin jaridu kana canza su har ta bushe. Ragowar ruwan ka zubar a busasshiyar ƙasa nesa da rijiya, ba cikin wani tafkin daban ba, ka wanke hannu da sabulu, silaid da marfinsa kuma a wanke a shanya tun kafin santsin ya bushe a jiki don in ya bushe sai an jiƙa kafin ya fita.